Direba a Ƙofar Coci

Dattijon ikilisiya ya tare ƙofar coci da tumbinsa, ya nuna direban da yatsa.

"Kai da ka sha giya ka take yaron mutane? Gidan yari ya sake ka, Allah bai sake ka ba."

Direban ya sunkuyar da kai zai juya. Tsohuwar da suka zo tare ta damƙe hannunsa.

"Ba inda za shi. Jinin Yesu ya wanke shi. Wa ya naɗa ka alƙali?"

"Mama, da ɗanki ne, da ba ki faɗi haka ba."

Ta dube shi sama da ƙasa.

"Ni na haifi yaron. Matsa mana, mun makara."