Matar da Ta Tare Taya

Karo na sittin ke nan Firmin Lachaud yana tsayar da hoton a wuri ɗaya. Shekara arba'in ya yi yana kanikanci a birnin Limoges, yanzu kuma ba shi da abin taƙama sai gane tsofaffin motoci a fim. Shi da bakinsa yake cewa sunan jikokinsa kan ɓace masa, amma bai taɓa manta hancin mota ba.

Fim ɗin na bikin gari ne na 1971, matarsa Odile ce ta zaƙulo shi a akwati ta ajiye masa kan tebur. Daƙiƙa tara kacal motar ta fito, baƙa, mai lagireto a bayan inji. Firmin ya faɗa wa 'yan ƙungiyarsu ta masoya tsofaffin motoci, wadda yake shugabanta, cewa Renault ce ta 1910. Gaspard, abokin hamayyarsa, ya ce ƙirar kamfanin Charron ce.

"Tsufa ya ci maka ido, abokina. Ran Asabar ka kawo hujja ko ka sauka daga kujerar shugaba."

Hujja tana jikin murfin tsakiyar taya, inda ake rubuta sunan kamfani. Sai dai wata budurwa mai faffaɗar hula ta jingina da motar tana dariya, siket ɗinta ya rufe wurin ruf.

Kwana huɗu Firmin yana faɗa da budurwar nan. Ya ƙara girman hoton, ya rage, ya sayo sabon tabarau. Odile kan kawo masa kofi ta tsaya a bayansa har ya huce.

"Me ka gano, maigida?"

"Siket. Duk faɗin filin nan ta rasa wurin tsayawa sai nan. Da ana iya goge ta da na goge."

Ran Juma'a ya haƙura. Ya zauna rubuta takardar murabus, yana yi wa kansa dariya: gwanin Limoges guda, yadi biyu na ƙyalle sun kayar da shi.

Odile ta leƙa takardar, ta cire tabaranta.

"Sa hannu kawai. Charron ce."

"Ke kuma ina kika san mota?"

"Ban san mota ba. Sunan ne ya fito da baƙin mai a bayan siket ɗina, kwana uku ina wanke shi."