Sifirin Mai Ruwan Ɗorawa

Da na gama jami'a, na iske saurayina Lamonte a garejinsu na Detroit, ya sauya wa zabgegiyar motarsa sifirin, ƙarafunan nan masu ɗauke da nauyin mota, don ta kwanta ƙasa.

Ya goge hannu, ya miƙo zobe. "Renita, malama mai digiri, za ki auri bakanike?"

Idona na kan sifirin ɗin. Fentin ruwan ɗorawa ne, kuma ni na taya yayana Cordell shafa shi a sifirin ɗin motarsa kafin ta kife ta kashe shi.

"Ina ka samo su?"

"Wurin 'yan gwangwan. Arha ce."

Ba wanda ya taɓa motar, amma ta nisa, ta ƙara sauka.

"Cire su, sannan ka sake tambayata."

Motar ya tsaya yana kallo, ba ni ba.