Sakin da Atiku Bai San Ya Yi Ba

Sauda ce kaɗai ta iya juya Atiku. Tun ranar da babur ya kayar da mijin nata a hanyar Kebbe lakarsa ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. Ita ke kwantar da shi gefen dama, an jima ta mayar da shi hagu, ta goge masa baya ta shafa mai. A asibiti an gargaɗe ta cewa in ya daɗe a gefe ɗaya, fatar za ta ɓarke.

Ƙafafun kowa ya gani, kowa ya jajanta. Abin da ke cin ranta daban ne. Atiku malamin Islamiyya ne a Tambuwal, mutumin da ko ɗalibi bai taɓa daka wa tsawa ba. Yanzu ƙarar ludayi a kwano ta isa ya hau zagi. Sai ya ci tuwo ya ce an bar shi da yunwa. Ya tayar da salla a kwance, ya kai tsakiyar Fatiha, ya tsaya yana kallon rufi.

Yayansa, Malam Nu'umanu, limamin unguwar, kullum yakan zauna a bakin katifa ya yi masa nasiha.

"Atiku, ka ji tsoron Allah. Ƙafa anka karɓe maka, ba imani ba. Kai da ka koya ma yara haƙuri?"

"Malam, a duba kanshi," in ji Sauda daga bakin ƙofa. "Wallahi wanga ba Atiku na ba. Sunan ɗiyarshi ma sai na tuna mishi."

"Baƙin ciki na. Namiji in ya kwanta, zuciya ka hawa. Ki ƙara haƙuri."

Saki na farko ya fito ne tana cikin juya shi. Ta yi kuka har idonta ya kumbura, da la'asar ya dube ta ya ce, "Wa yat taɓa ki?" Malam Nu'umanu ya sa ya mayar da ita. Na biyu ma haka aka yi. Na uku kuwa a gaban masu dubiya ya faɗa, don kawai ta buɗe taga haske ya shigar masa ido.

Sauda ta durƙusa gaban limamin. "Malam, ku tambaye shi! Yanzun nan ku tambaye shi in ya san abin da yac ce."

"Da kunnena na ji, Sauda. Mutum shina magana, shina gane jama'a, sai in ce ba shi da hankali? Ba ni halatta abin da Allah ya haramta don tausai."

"To wa za ya juya shi?"

"Muna nan."

Ba mugu ba ne, shi ma idonsa ya kawo ruwa. Amma ya yanke, ta ɗauki 'yarta ta koma gidan iyayenta a Fakku.

'Yan'uwan Atiku suna nan ɗin kuwa, sai dai kowa da gonarsa da karatunsa, mahaifiyarsu kuma ta tsufa, ba ta iya ɗaga shi. A Fakku, duk wanda ya dawo daga kasuwar Tambuwal sai Sauda ta aika a tare shi. Labarin iri ɗaya ne. Kowace safiya Atiku na tambayar ina ta tafi. In aka ce ya sake ta, sai ya rantse ƙarya ne, ya yi ta kuka. Gobe ya sake tambaya.

Ana tsakiyar girbin gero sai ga Malam Nu'umanu a kan babur. Ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

"Gyambo ya cinye mishi baya, munka kai shi Sakkwato," ya ce, kansa a ƙasa. "Wata likita ta tsare ni da tambaya. Ranar haɗarin ya suma? Ya yi amai? Jini ya fito ta kunne? Duk na ce ƙwarai. Tac ce mi ya hana ku faɗi? Na ce ba wanda yat tambaya, mu duka ƙafafu muka kallo. Anka ɗauki hoton kai. Ƙwaƙwalwar ta bugu, Sauda. Mantuwar, faɗan, duk ciwo na. Wanda hankalinshi ya gushe ba shi da saki. Ke matarshi ta. Taso mu tafi."

Ta bar tukunya a kan murhu ta bi shi. Duk tsawon hanya, daga ramukan Kebbe har kwalta, abu ɗaya take roƙo, ta same shi ya tambaya ta ce ga ta.

Ba ta same shi ba. Ƙwayar cutar gyambon ta riga ta shiga jini, ya cika suna hanya. Bayan an rufe shi aka mayar da ita ɗakinta na Tambuwal, aka ce ta shiga takaba, tunda har ya rasu matarsa ce.

Jama'a, bugun da ya isa ya karya baya ya isa ya taɓa ƙwaƙwalwa. In mai ciwon laka ya fara mantuwa, ko fushi, ko halinsa ya sauya, ku faɗa wa likita ya duba kansa tun kafin ku yanke masa hukuncin mai lafiya.