Tallafin Mai Agogo

Matar marigayi ta zauna a kujerar gaba, ta cusa auduga a kunnuwanta, ta ce a fara. Ciwon kunne ne na tsufa, in ji ta.

Tun da mijinta, mai shagon agogon da ke bayan katangar sakandaren, ya rasu, duk shekara ake ɗaukar nauyin ɗalibi ɗaya ya karanta kiɗa a jami'a da sunansa. Shugaban makaranta ya rataye hotonsa a zauren taro, fuska a murtuke kamar an taka masa ƙafa, ya sa aka rubuta a ƙasa: Masoyin Kiɗa.

Malamin kiɗa kuwa wannan rana ce ke ƙara masa furfura. Tsohuwar ita kaɗai ke zaɓe, kuma zaɓenta sai du'a'i. Bara ta ɗauki mai gangar da in ya fara duka, awaki ke tsinke igiya. Kafin shi wani mai begila ne da kumatunsa suka fi basirarsa girma. Tambayoyinta biyu ne rak: ina gidanku, kuma a gida kake gwaji? Sharaɗin ma ba ya canzawa. Jami'a mai nisa, kwana a can, a tafi da kayan kiɗa.

Bana malam ya ci alwashin gaskiya za ta yi halinta. Yana da Auta, 'yar wani tela, mai busa sarewa a hankali har mutum ya manta da abin da ya kawo shi. Babanta ya riga ya goge mata keken ɗinki: in babu tallafi, babu jami'a.

Sai dai yarinyar ta fara ba shi haushi. Tun farkon zango ta koma zama wurin gwaggonta a layin shagon marigayi. Ta ari tsohuwar begilar makaranta, wai tana son ƙarfafa numfashi. Kullum leɓɓanta a kumbure. Ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya kawo misalin kaza da ta bar tsaba ta bi tsakuwa. Ita dai sai ta ce, "To, Malam."

Da aka kira ta, ta hau dandamali ba sarewa. Begila ta ɗaga.

Abin da ya fito daga bakin ƙarfen nan, ko jaki ya ji sai ya nemi a bi masa haƙƙinsa. Shugaban makaranta ya shiga duba takalmansa. Malam ya dafe kai, yana hango keken ɗinki.

Tsohuwa ba ta jira sauran ɗaliban ba. Ta nuna Auta da sandarta. "Ita."

A bakin ƙofa Auta ta miƙa wa malam begilar da hannu biyu. "Ga kayanku, Malam, na gama da ita." Kan sarewarta na leƙowa daga jaka.

Murna ta kasa kama shi, haushi ya ƙi sakinsa. Ya bi tsohuwar har bakin mota.

"Mama, don girman Allah ki fitar da ni daga duhu. Da wane ma'auni kike auna yaran nan?"

Ta zare audugar a hankali, ta ɗaure a bakin gyale.

"Ɗana, ni me na sani a kiɗa? Wasiyya nake cikawa. Bawan Allahn nan ya ƙare rayuwarsa yana kara agogo a kunne, yaranku ba su taɓa barinsa ya ji bugunsa ba. Da zai cika ya ce min, duk wanda ya fi damun layinmu da ƙara, a biya masa ya tafi can nesa ya dami wasu."