Baba Kunne da Sansar Motar Tumatir

Hayaƙi baƙi ƙirin ne ke tashi daga salansar a-kori-kurar lokacin da direbanta Dogo ya gangara da ita bakin gareji. Tun safe take shan mai kamar an huda tanki, wata wuta ruwan ɗorawa tana ta ƙyaftawa a gabansa. A baya kuma kwandunan tumatir ne jibge, rana tana dafa su. Mai kayan ya riga ya faɗa masa: in suka ruɓe, ya ajiye makulli.

A gidan mai aka kwatanta masa wurin. Aka ce ya nemi Baba Kunne, wanda ko daga nesa ya ji kukan inji zai faɗi ciwonsa.

Ya tarar da dattijon tsaye tsakiyar fili, ya ɗaga kai yana kallon allon garejinsa yana ta ƙyaƙyata dariya shi kaɗai.

"Ka ga rubutun nan? A karkace yake! Wallahi a karkace!" in ji shi, yana share hawaye.

Dogo ya gaishe shi, ya fara bayani. Baba ya ɗaga masa hannu, ya karkata kai wajen injin da ke ta kakari.

"Kashe ta. Sansa ce ta toshe."

Kafin salansa ta huce, ya yi masa bayani. Sansa wani ɗan ƙarfe ne mai kama da fulogi, ɗaure a jikin bututun hayaƙi. Ita ke shinshina hayaƙin ta gaya wa inji yawan man da zai sha. In ƙunar hayaƙi ta liƙe mata hanci, sai inji ya yi ta ɗura wa kansa mai ba lissafi. Bayanin ya kwanta wa Dogo. Mai bayanin ne bai kwanta masa ba, domin a tsakiyar magana Baba ya tsaya ya juya tafin hannunsa yana kallo, ya ce ashe haka ya yi tamoji, ya sake fashewa da dariya.

Ya miƙa hannu zai ɗauki sifana a kan benci, ya cafki iska. Ya sake miƙawa, ya ture gwangwanin kusoshi. Ya durƙusa yana tsince su ɗaya ɗaya, yana ɗaga kowanne sama yana yaba ƙyallinsa.

Dogo ya fara zargi. Ya matsa kusa da dabara, wai ko zai ji warin wani abu a bakin tsohon. Babu komai sai ƙamshin sabulu.

Baba ya shige ƙarƙashin motar. Ya zare soket ɗin waya, ya ɗan fesa mai a kan zaren maɗaurin sansar, ya murɗa a hankali har sansar ta saki. Da ya fito da ita, sai ya zauna a ƙasa dirshan, ya tallabe ta kamar jaririya.

"'Yar ƙarama! Kai, dubi ramukan hancinta. Ɗana, zo ka gani!"

"Baba, tumatir," in ji Dogo.

"Ja ne, ko? Na hango. Ja wur!"

Ya tsiyaya fetur a gwangwani, ya tsoma kan sansar kawai, ya riƙe wayar sama kada ta jiƙe. Fetur ɗin ya fara rinewa, baƙi yana warwara a ciki, Baba ya tafa hannu kamar yaro a wajen wasa. Ya kira mai faci na gefe ya zo ya gani. Mai facin ya leƙa, ya yi murmushi, ya dafa kafaɗar tsohon ya koma. Dogo ya fara tunanin ko duk layin ne ba su da lafiya.

Ruwan tumatir ya fara ɗiga daga bodi. Dogo yana ta safa da marwa, Baba kuwa yana goge ƙunar da burushi mai laushi, ya shanya sansar a inuwa, ya hana a taɓa sai ta bushe sarai.

Wajen mayarwa aka sha fama. Ya saita ta a ramin, ta kauce. Ya sake, ta hau zare a karkace. Dogo ya dafe kai, domin ya san in zaren ya ci, a nan zai kwana da ruɓaɓɓen kaya.

"Kai, abin nan yana ruɗa ni," in ji Baba. Ya runtse ido gam, ya bar yatsunsa suka lalubo ramin. Sansar ta zauna sumul, ya ɗaure ta, ya mayar da soket.

Dogo ya murɗa makulli. Inji ya tashi lafiya lau, hayaƙin ya washe, can wutar gargaɗin ta mutu. Ya yi ihu, ya dira ƙasa ya rungume tsohon, su biyu suna ta tsalle suna dariya, kowa da dalilinsa.

A nan wata dattijuwa ta shigo da sauri, riƙe da 'yar kwalba da baƙin tabarau.

"Malam! Daga shiga ɗaki in fito sai in tarar ka sulale? Cikin ƙura da fetur?"

Baba ya juyo. Ya kafe ta da ido, bakinsa har kunne.

Ta maƙala masa tabarau, ta juyo wajen Dogo. "Kada ka ga laifin maigidana, ɗana. Shekara da shekaru ba ya gani. Da safen nan likita ya kwance masa bandejin aikin ido. Malam ya wanke sansa ba adadi da lalube, amma yau ce rana ta farko da ya taɓa ganinta da idonsa."