Tarin Madam Huguette

Da garin fulawa Madam Huguette Sabatier ta fara. Ta shafa kaɗan a kumatu, ta leƙa madubi, ta ga da saura, ta ƙara. Matar da ta ba saba'in baya amma take haye tudun unguwarsu da kwandon kifi, ai sai an yi aiki kafin ta yi kama da mai shirin barin duniya.

Gida ne ya jawo duk wannan. Gidan da mijinta marigayi Marcel ya bar mata, mai kallon tashar jiragen ruwa a nan garin Sète na Faransa. Rufi na yoyo, kuɗin fansho kuwa kafin tsakiyar wata sun ce ga garinku nan. Ita kuma ta rantse ba mai kai ta gidan tsofaffi a riƙa ɗura mata dafaffen karas da cokali.

Mafitar ɗaya ce, cinikin nan da kowa ya sani: ka sayar da gidanka amma ka ci gaba da zama a ciki, mai saye ya riƙa biyan ka duk wata har ranar da za a fitar da kai a akwati. Caca ce tsagwaronta. Ka yi saurin tafiya, ya tsinci dami a kala. Ka daɗe, ya shiga uku. Shi ya sa mai saye ba bango yake dubawa ba, fuskar mai gida yake karantawa. In ya hango kabari kusa, sai ya saki hannu.

Maƙwabciyarta Fernande ce ta kawo kayan aiki: kwalayen magani na rabin unguwa, da sandar mijinta da ya rasu.

"Ke Huguette, ki ji tsoron Allah," in ji Fernande. "Ke da za ki binne mu duka?"

"Rufe min baki, tsohuwar banza. Miƙo sandar nan."

Tari ne kaɗai ba ta ara ba. Tun lokacin sanyi take da wani ɗan tari mai naci, har Fernande ta tasa ta gaba zuwa asibiti aka ɗauki hoton ƙirjinta. Likitan, Dakta Vasseur, ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya ce sanyi ne kawai, ta sha zuma ta dawo bayan bazara. Huguette ta ga ai jari ne ya faɗo mata daga sama. Ta riƙa gwada tarin a gaban madubi, tana ja tana ƙara masa gishiri, har ya zama ba sai ta kira shi ba yake zuwa.

Mai saye na farko ɗan duniya ne. Ya ƙyalla ido ya ga kekenta a bayan ƙofa, tayoyin da ɗanyen taɓo, ya taya yuro ɗari shida a wata yana murmushi. Ta kore shi, ta kai keken gidan Fernande.

Ta biyu wata matashiya ce mai tsohon ciki, Clémence Roux, mai sanyin murya. Huguette ta tarbe ta a kan kujera, bargo a gwiwa, kwalayen magani jere a tebur kamar shagon kemis. Abin haushi, yarinyar ko kallon kwalayen ba ta yi ba. Tagogi ta duba, ta tsaya a ƙaramin ɗaki tana auna bango da taku.

Huguette ta yi tari mai tsawo, ta yanka dubu ɗaya da ɗari biyar, da niyyar in an matsa ta sauko dubu.

"Na yarda," in ji Clémence. "Amma a sa hannu cikin makon nan, don Allah."

Kai! Har tausayi sai da ya ɗan taɓa Huguette. Yarinya ba ta san duniya ba, ga ciki, ga tsohuwar da uwarta sai da ta haura casa'in da biyar. Amma tausayi ba ya gyara rufi, don haka ta haɗiye abinta.

Ranar sa hannu sai da Huguette ta kama siket ɗinta da fil, don ya yi mata yawa. Ta yaba wa kanta: ashe har jiki ya shiga wasan. A ofishin lauya aka karanta sharuɗɗa, har da wanda ya ce idan mai gida ta mutu cikin kwana ashirin da ciwon da take da shi, ciniki ya warware. Clémence ta roƙi a maimaita mata wannan wurin. Huguette ta danne dariya da ƙyar.

Da suka fito, Clémence ta sumbace ta a kumatu biyu, idonta ya kawo ruwa. "Ki kula da kanki, Madam," ta ce, ta nufi wata farar mota a tsallaken titi, inda mijinta yake jira tun ɗazu ya ƙi shigowa.

Huguette ta ji daɗi har ƙafarta na ƙaiƙayin rawa. Yau sai cin kawa, naman tekun nan mai ɓawo, da farar giya, ita da Fernande! Amma ai rashin ɗa'a ne ta tafi ba ta gaida bawan Allahn da zai ciyar da ita shekara ashirin ba. Ta saɓa sandar a kafaɗa, ta tsallaka titi, ta ƙwanƙwasa gilashin motar tana washe baki.

Mutumin ya sauke jaridar da ya kare fuskarsa da ita, ya kasa haɗa ido da tsohuwar. Dakta Vasseur ne, likitan da ya daɗe yana kallon hoton ƙirjinta.