Aron Hankici

Tun shekarar da aka kafa na'urar hura numfashi a ƙofar asibitin garin, doka ɗaya ce: mai murar aladu a ba shi gado, mai murar gida ya koma gida.

Malam Barau ya turo matarsa Tabawa a amalanke. Ta hura, fitila ta nuna kore.

"Murar gida ce, Baba. Ku tafi," in ji na'urar.

"Tsaya, 'yar nan," in ji Barau, don muryar ta mace ce. "Bana wacce ta fi kisa?"

"Ta gida, nesa ba kusa ba."

"To me ya hana ta gado?"

"An saba da ita."

Barau ya dafe kai. Sabo turken wawa ne, amma bai taɓa jin an mai da shi doka ba.

A gindin katanga Lanti mai ƙosai ta yafito shi, ta zaro hankici ƙulle a leda.

"Na ƙanena ne, yana kwance a asibitin da murar aladu. Shafa mata a hanci. Jibi in ta hura, ja zai fito, sai gado."

"Cutar alade zan sa wa matata da hannuna?"

"Kana son likita ya gan ta ko kuwa?"

Tabawa ta yi tari daga can ƙasan ƙirji. Shekara arba'in ko raɓa Barau ba ya bari ta taɓa ta. Ya karɓi ledar.

"Malam," in ji Tabawa, "wannan maganin ne ko cutar?"

Barau ya shiga kwance ƙullin ledar.